Makahon Ido a Gadar Gobe

Mahaifina magini ne, kuma tunda na yi wayo ban taɓa ganin ya gama gini ba. Ba lalaci ba ne, don mutum ne da in ya kama cokalin gini da safe sai an janye shi yake cin abincin rana. Halinsa ne kawai. In ya ja katanga ta kai iyaka ba ya shafe bakinta, sai ya bar mata haƙora, bulo ɗaya ya shiga ɗaya ya fito, don wanda zai ɗora daga baya. In ya zuba ginshiƙi sai ya bar rodi tsaye a kansa. In aka ce ya binne bututu mai kaurin dantse, sai ya yi ta naci har a kawo mai kaurin cinya. Duk wanda ya tambaye shi dalili amsa ɗaya yake samu: "A bar wa gobe hanya." Da haka sunan ya kama shi har na gaskiyar ya ɓace. A wurin aiki leburori kan tambayi juna, "Gobe ya zo?" a amsa, "Gobe ai tun jiya ya zo." Shi ma yakan yi dariya, amma ba da yawa ba.

A unguwa gidan ƙahoni ake ce wa gidanmu, saboda tarin rodin da suka miƙe a kan rufinsa, kowanne an shafe shi da ruwan siminti don kada tsatsa ta ci. Inna ta yi mita shekara biyar, da ta gaji sai ta ɗaura musu igiya ta mai da su wurin shanya. Ni kuwa kunya nake ji. Gidan kowa an shafe an yi fenti, namu kamar an kori magina da sanda ana tsakiyar aiki. Na taɓa tambayarsa yaushe za a gama, ya ce, "Ke kin san ku nawa za ku zama a gidan nan? Ni ban sani ba."

Unguwarmu a kwari take. Rafi ya bi ta gefenta, babbar hanya kuma ta tsallaka rafin a ƙasa da gidajenmu kaɗan. Ina da shekara tara aka zo yin gada a wurin, Baba ne heluma, wato shugaban magina da leburori. Takardar da injiniya ya zo da ita ta nuna ido biyu, ƙofofin da ruwa zai bi ta ƙarƙashi ke nan. Baba ya duba takardar, ya hau tudu ya yini yana yawo cikin gonakin da ke sama da mu, ya dawo ya ce uku.

Na san yadda suka yi da injiniyan kamar ina wurin, don na ji labarin ya fi sau ɗari. Matashi ne, mai kirki kuma.

"Heluma, na duba ruwan saman shekara arba'in," in ji shi. "Biyun ma sun yi yawa."

"Ranka ya daɗe, ruwan da ka duba gonaki ne suka shanye rabinsa. Ranar da gonakin nan suka zama kwano da siminti, wa zai sha?"

"Wa ya ce maka can gari zai nufa? Yana iya yin gabas."

"Yana iya yi. Ni ma ban sani ba. Da na sani ai da ban dame ka ba. Rashin sanin ne ya sa nake roƙon na ukun."

Sati biyu yana bin yaron nan, ofis da wurin aiki, har ya gaji ya ce a yi. Amma ido na ukun ta gefen wani lambu ya faɗa, mai lambun ya ce ba a haƙa masa ƙasa, ofis kuma ba su da niyyar rigima da shi. Sai Baba ya gina idon, ya toshe shi gaba da baya da bulo. Da laka ya ɗora bulon, ba da siminti ba, ya yi masa shafe siriri kamar ɓawon ƙwai don kada yara su shiga. Cikin fanko ne. A cewarsa mutum huɗu da guduma, kafin shayi ya huce sun buɗe shi, ruwa kuma zai haƙa wa kansa sauran hanyar ta cikin lambun. Dalilinsa ɗaya ne: in idanu biyun suka gaza, hanyar motar za ta zama madatsa, ruwan kuma baya zai dawo, cikin ɗakunanmu.

Abin ya ja masa. Aikin ya yi jinkirin wata biyu, damina ta riske su, manya suka zo suka tarar da rami na uku wanda babu shi a takarda. Injiniyan aka canja masa wurin aiki. Baba aka sauke shi daga heluma aka tura shi gyaran magudanan ruwa, a nan ya ƙare har ya yi ritaya. Ba a gyara takardar ba, biyu ta ce, biyu kuma take cewa har yau. Mutanen da suka yi aikin tare da shi suka watse, wasu suka mutu. 'Yan unguwa suka sa wa wurin suna makahon ido.

Tunda babu shi a takarda, sai Baba ya mai da mu takardarsa. Ba a yi damina ɗaya ba da bai zaunar da mu ya maimaita ba, ni da ƙanena Auta, mu biyu ne muka rayu a 'ya'yansa. Ta ina za a fara dukan, wane bulo ne na tsakiya, a tsaya ta sama kada a tsaya ta gaba. Muna cin abinci yana yi, an yi baƙi yana yi. Auta ya iya kwaikwayonsa har da yadda yake ɗaga yatsa, in Baba ya juya baya ya yi, mu yi ta dariya har da Inna. Mun ji maganar har mun daina jinta, kamar ƙarar agogon bango.

Gari kuwa can ɗin ya nufa. Gonakin suka tafi ɗaya bayan ɗaya, aka yi gidaje, aka yi shaguna, aka shimfiɗa siminti har tsakar gida. Duk shekara Baba kan sauka ƙarƙashin gada da ƙusa ya ja layi inda ruwa ya kai, kuma layin sama yake yi. Amma ruwan bai taɓa cika idanu biyun ba. Auta ya girma ya zama mai walda. Da zai yi aure, a kan ƙahonin nan ya ɗora ɗaki biyu ba tare da an fasa ko bulo ɗaya ba. Ranar Baba sai hawa da sauka yake yi a matakala yana shafa bango. Ni na zama tela, na yi aure layi biyu daga gida.

Inna ta rasu, bayan shekara ɗaya Baba ya faɗi a bakin famfo. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi. Likita ya ce yana jin komai, yana gane komai, fitowar ce babu. Kalma ɗaya tak ta rage masa a baki: "To." In na ba shi shayi, to. In shayin ya ƙona shi, to. In yana son a juya shi, in ƙuda ya dame shi, in ya ji an ambaci Inna, duk to. Na kwaso kekena na kafa a ɗakin gaba don in riƙa jin motsinsa. Da sannu na gane ba bakinsa ake sauraro ba, hannunsa na hagu ake kallo. In yana so sai ya buɗe tafin a kan cinya. In ba ya so sai ya damƙe bargo. Duk gidan ba wanda ya san wannan kamar ni.

A shekara ta biyu da kwanciyarsa shafen makahon ido ya fara zubewa. Bulo ɗaya ya faɗo, aka leƙa aka ga laka. Kafin sati labari ya gama unguwa: ashe Gobe ma ya ci siminti. Mutanen da ba su taɓa ɗora bulo a kan bulo ba suka zama masana. Mata na kawo mini ɗinki, ina gwada su suna yi mini jaje a fakaice, wai ai zamanin da ma haka ake yi, kowa da ɗan abin da yake taɓawa. Na taɓa soka wa wata fil a kafaɗa, kuma ba kuskure ba ne. Auta kuwa ya dawo wata rana da riga a yage, ya kama wani da faɗa a shagon mai aski kan maganar.

Da kwamitin unguwa suka ce za a gyara wurin kada gada ta rufta, Auta ya ce shi zai ja aikin. Ya zo da dattawa biyu don a nemi izinin mai shi. Ina tsaye a bakin ƙofa da almakashi a hannu. Auta ya durƙusa gaban gadon.

"Baba, gadarka za mu gyara maka. Za mu cika makahon nan da dutse da kankare, mu shafe, mu yi fenti, mu rubuta sunanka a jiki. Bakin kowa ya mutu."

Baba ya dube shi. Ya ce, "To."

"Ka ji ko, ya yarda," in ji ɗaya dattijon.

"To. To. To."

"Madalla. Allah ya ƙara sauƙi, Malam Gobe. Ka haifi ɗa."

Ni ina kallon hannun. Ya damƙe bargon har jijiyoyi sun tashi, yana ja, bargon na zamewa daga ƙafafunsa. Auta ya gyara masa shi, ya ɗauka sanyi yake ji. Ban ce komai ba. An sha tambayata me ya sa, na sha tambayar kaina, kuma amsar ba ta da kyau. Na gaji. Shekara biyu ina wanke shi ina juya shi, sannan in fita a ce mini ubana ɓarawo ne. Kuma tun ina yarinya nake son in ga abu ɗaya nasa an gama shi an yi masa fenti.

Da dattawan suka tafi na bi Auta waje na ce, "Ka dai tuna abin da yake faɗa a kan idon nan."

"Yaya, shekara talatin da ɗaya fa. In ruwan zai zo da ya zo." Sai ya rage murya. "Ni wani lokacin har tunani nake, ko simintin ne ya ƙare musu da gaske, kunya ta sa ya ƙirƙiro wannan labarin."

Da na mare shi a lokacin da ya fi. Sai na ce masa kawai ya yi abin da ya ga ya dace.

Kwana uku aka yi ana aikin. Unguwa ta fito kwanta da kwarkwata, wannan ya kawo yashi, wancan tsakuwa, aka aro injin kwaɓa siminti. Ni na dafa wa ma'aikata abinci. Auta ɗan ubansa ne, bai yi ha'inci ko na cokali ɗaya ba. Ya ɗaure rodi a ciki da hannunsa, ya sa aka daddanne kankaren har ya zauna. Aka shafe, aka yi farin fenti, aka rubuta Gadar Gobe da shuɗi. Ta yi kyau ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Baba ya daina cin abinci. Kwana huɗu in na kai cokali sai ya datse haƙora ya kau da kai. A rana ta biyar na zauna a bakin gadon na ce, "Baba, ba su zuba komai ba. Kwamiti sun fasa. Bulon da ya faɗo aka mayar, aka sake shafe aka yi fenti. Lakarka tana nan." Ya daɗe yana kallon fuskata. Ban taɓa yi masa ƙarya ba tun da na girma, don haka ba shi da dalilin zargi. Hannun ya buɗe a hankali. Ya ci. Na ja wa Auta da matarsa kunne kada wanda ya kuskura ya faɗi akasin haka, kuma a ranar har daɗi na ji, ina ganin na yi dabara.

Damina biyu suka wuce lafiya. A ta uku aka yi ruwan kwana uku ba ɗaukewa. Da safiyar rana ta uku ruwa ya shigo layinmu, kafin rana ta yi tsaka ya kai gwiwa a tsakar gida, ja ne, ɗauke da robobi da takalma. Auta ya goyi Baba ya hau da shi sama. Maƙwabta suka biyo mu, don a layin gidanmu ne kaɗai mai bene, mutum ya fi talatin a ɗaki biyu. Aka zaunar da Baba a kujera kusa da taga saboda iska, kuma daga tagar ana hango gada. Idanu biyun sun nutse. Ruwa ya taru a bayan hanyar mota yana juyawa, yana dawowa wajenmu, daidai yadda aka riƙa faɗa mana muna cin abinci.

Baba ya kamo rigar Auta. Ya ɗaga yatsa uku. Ya dunƙule hannun ya riƙa dukan cinyarsa da shi, yana nuna taga da haɓa.

Auta ya dube ni. Magana ɗaya ce ta rage a yi, kuma a gaban mutum talatin za a yi ta. Na jira ya faɗa, shi ma ya jira ni. Baba ya sake jan rigar, idonsa a buɗe, fuskar da rai irin wanda rabona da gani tun kafin ya faɗi. Ranarsa ce ta zo.

"Na ji, Baba," in ji Auta.

Na cim masa a matakala yana ɗauke da babbar gudumarsa. Na riƙe masa hannu.

"Ka haukace ne? Ka san abin da ke ciki."

"Na sani, ni na zuba. Wataƙila ta saman bai cika sosai ba."

"Ƙarya kake. Kai ka sa aka daddanne shi."

"To ki koma ki gaya masa, Yaya. In kin faɗa sai in ajiye."

Na tsaya da hannunsa a nawa ina kallon ƙofar ɗakin. Ban koma ba. Ya zare hannun ya sauka cikin ruwa, maza uku suka bi shi.

Daga taga muka kalle su. Sun tsaya a kan gangaren ƙasar da ke tsakanin gada da lambu, suna sunkuyawa suna duka ta sama, yadda aka koya mana. Ba a jin ƙarar, sai dai a ga guduma ta tashi ta sauka. Baba na bin kowane duka da hannunsa a kan cinya. Da farko da sauri yake yi. Da aka ɗauki lokaci sai hannun ya fara sanyi, ya juyo ya dube ni, ya koma ya dubi taga. Kusan awa ɗaya suka yi. Sai muka ga mutum ukun sun ja da baya suna ɗaga wa Auta hannu, don ƙasar ta fara tsagewa. Shi ya ƙara duka biyu ko uku. Gangaren ya tafi gaba ɗaya, da gefen kwalta, da shi.

Ta wannan ɓarakar ruwan ya samu hanya. Kafin yamma ya fara ja daga ɗakuna. Mutum shida suka mutu a unguwar, yawanci tsofaffin da ba a samu fitar da su ba. Auta bayan kwana biyu aka same shi, can nesa, a cikin wata gonar rake. Gadar tana nan tsaye. Na je na duba, duk dukan da suka yi bai ɓantare abin da ya fi tafin hannuna ba.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Daga tagar nan ba a ganin kankare. Abin da Baba ya gani shi ne maza huɗu sun yi awa guda suna dukan bangon da ya ce zai faɗi kafin shayi ya huce, bangon ya ƙi. A saninsa lakarsa tana nan, tunda ni na faɗa masa. Don haka a wajensa shi ne ya yi kuskure, ko ya ɗora bulon da ƙarfi fiye da kima, ko shekaru sun mai da lakar dutse bai yi tunanin haka ba. Aikin da ya rasa muƙaminsa a kai, ya ishi duniya da shi, ranar da aka neme shi ya gaza. Kuma da hannunsa ya tura ɗansa.

Na yi niyyar gaya masa. Kullum da safe in ina dama masa abin karyawa nakan shirya maganar tsaf: Baba, ba ka yi kuskure ba, mu ne muka cika shi. Amma in na faɗa na wanke shi, na ɗora wa Auta da ba zai iya kare kansa ba, na kuma ɗora wa kaina. Kuma ni ce mai wanke shi da juya shi, da waɗannan idanun zai riƙa kallona safe da yamma, ba shi da bakin da zai zage ni ya huce. Tsoro na ji, ba wani abu ba. Sai in shiga da kwano, in ba shi, in goge masa baki, in fito.

Yana ci in an ba shi, ba ya ƙi, ba ya nema. Ya sa aka juya gadonsa ya fuskanci bango. In hadari ya taso, mutumin da ƙugin tsawa ɗaya kan sa ya miƙa wuya wajen taga, ko motsi ba ya yi. Wata rana ina yanke masa farce ya janye hannun hagun, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tura shi ƙarƙashin bargo. Bai sake yi mini magana da shi ba.

Wata biyar ya yi bayan Auta. Ya rasu da hantsi ina ɗakin gaba ina ɗinki, ƙarar keke ta hana ni ji. Ya tafi yana ganin shi ya kashe ɗansa, kuma ni na bar shi ya tafi a haka.